Bayan An Warke Daga Ciwon Daji: A Bar Yaro Ya Yi Wasa, A Riƙa Duba Zuciyarsa

A wannan makon maganarmu ta shafi iyayen da Allah Ya jarraba da jinya mai nauyi, Ya kuma fitar da su: waɗanda wani cikin 'ya'yansu ya yi ciwon daji, aka yi magani, aka sallame su. In ba ke ba ce, ki daure ki karanta, wataƙila akwai maƙwabciya ko 'yar'uwa da za ki tura wa.

Uwar da ta shafe watanni tana kwana a tabarma gefen gadon asibiti, ta ga sumar ɗanta ta zube, ta sayar da 'yan kunnenta don sayen allura, ba ta buƙatar a yi mata wa'azin kula da yaro. Sai dai sau da yawa kulawar takan karkata gefe guda. Yaro ya tashi zai bi sa'o'insa ƙwallo, a ce dawo ka zauna. Yarinya ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. A aika wa malami cewa kada a sa shi a wasannin makaranta. Ba wanda zai ga laifin uwa, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A ɗaya gefen kuma, katin asibiti ya shige ƙasan akwati, ko ya ɓace wajen tashi daga gidan haya, ba a sake komawa wurin likita ba tunda an warke. An hana yaron abin da zai ƙarfafa zuciyarsa, an kuma daina duba ta. Ita kuwa zuciyar abu biyu take nema a wajenki: a bar ta ta yi aiki, a kuma riƙa leƙa ta lokaci zuwa lokaci.

Me ya haɗa maganin daji da zuciya?

Cikin magungunan kemo akwai wani dangi da likitoci ke kira antirasaikilin. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne doksorubisin, a takarda kuma kina iya ganin an rubuta Adriamycin. Iyayen da suka yi jinya sun san shi da kamanninsa: jan ruwan nan da ake sakawa ta jijiya, wanda bayansa fitsarin yaro kan yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Akwai ɗan'uwansa, daunorubisin. Ana amfani da su wajen dajin jini, dajin kaluluwa, dajin ƙashi, da wasu matakan dajin ƙoda. Magunguna ne masu ƙarfi, kuma sun ceci yara masu yawan gaske.

Illarsu ita ce suna iya kashe wasu daga cikin ƙwayoyin tsokar zuciya. Fata in ta yanke tana haɗewa, suma in ta zube tana fitowa, amma ƙwayar tsokar zuciya in ta mutu da wuya a sami madadinta. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikin.

Ki ɗauka mata goma ne ke dakan biki, biyu suka tafi gida. Takwas ɗin za su ci gaba, tuwo zai sauka a kan lokaci, ba wanda zai lura. Sai ranar da baƙi suka ninka sannan gajiya za ta bayyana. Haka zuciyar yaron take. Yana ƙarami tana isarsa. Ranar ninkin baƙi ita ce lokacin balaga da jiki ke miƙewa da sauri, ko lokacin goyon ciki, ko wata rashin lafiya mai tsanani, ko hawan jini. Shi ya sa matsalar kan iya ɓoyewa shekara goma ko ashirin kafin ta nuna kanta.

Abu na biyu shi ne gashi da na'ura, wato hasken da ake haska wa wurin ciwon. In an haska ƙirji, ko ƙashin baya, ko saman ciki, hasken na iya taɓa zuciya. Daga baya yakan sa jijiyoyin da ke ciyar da ita su tsuke, ko ƙofofinta su yi tauri, ko jakar da ta lulluɓe ta ta yi kauri.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya sha jan maganin da yawa, da wanda aka haɗa wa shi da gashin ƙirji, da wanda aka yi wa magani yana ƙasa da shekara 5, sannan ya ɗan fi yawa ga 'ya'ya mata. Yaron da bai sha wannan dangin magani ba, ba a kuma gasa masa kusa da ƙirji ba, nasa haɗarin kaɗan ne.

Abin da bincike ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba a kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai wannan adadi zuwa aƙalla kashi 60 a faɗin duniya kafin 2030. Ma'ana, in Allah Ya so, yaran da za su warke a garuruwanmu za su ƙaru, kuma wannan magana za ta shafi gidaje da yawa.

Yawancin abin da aka sani game da rayuwar bayan warkewa ya fito ne daga Amurka da Kanada, inda aka daɗe ana bin sawun waɗannan yara har girmansu. A wani rahoto na 2006, an kwatanta mutum sama da 10,000 da aka yi wa magani tsakanin 1970 da 1986 da 'yan'uwansu na ciki ɗaya. An ga haɗarin gazawar zuciya ya ninka kusan sau 15 a wajen waɗanda suka yi jinya.

Kafin gabanki ya faɗi, ga sauran lissafin: a lokacin rahoton, kimanin mutum 1 ne cikin 100 ya sami wannan matsala. Adadin na ƙaruwa in shekaru suka ja, amma mafi yawansu zuciyarsu na aiki lafiya. Kuma likitocin yau sun fi na wancan zamani taƙaita yawan maganin. Abin da lissafin ke cewa shi ne a sa ido, ba a ɗaga hankali ba.

Takardar da ba a yarda ta ɓace ba

Likitan da zai ga ɗanki yana ɗan shekara 25 ba shi ne ya yi masa magani yana ɗan shekara 4 ba. Abin da zai haɗa su shi ne takarda. Ki koma asibitin da aka yi jinya, ki roƙi a rubuta miki taƙaitaccen bayani mai amsa waɗannan tambayoyi:

- Wane irin daji ne, kuma a wace shekara aka gano shi?
- Waɗanne magunguna aka ba shi? Akwai jan maganin a ciki?
- In akwai, nawa ne jimillar abin da ya sha daga farko har ƙarshe?
- An yi gashi? A wane sashen jiki, kuma nawa ne adadinsa?
- An yi tiyata? Me aka cire?
- Yaushe za a yi hoton zuciya na gaba?

Tambaya ta uku ita ce ginshiƙi. Ana lissafa jimillar da miligiram gwargwadon faɗin jikin yaro, kuma lambar da ta fito ita ke nuna ajin da yake. Ki ɗauki hoton takardar a wayarki, ki tura wa babansa da wani amintacce a dangi, ki yi kwafi biyu ki sa a leda. Waya na ɓacewa, ruwan sama na shiga ɗaki. In yaron ya yi hankali, ki karanta masa, ya san tarihin jikinsa da bakinsa.

Hoton zuciya

Gwajin da ake yi shi ne eko. Irin na'urar da ake duba jariri a ciki ce, a shafa ɗan mai a ƙirji a ɗora. Ba allura, ba zafi, kuma ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. Yana nuna ƙarfin da zuciya ke harba jini tun kafin yaro ya ji komai a jikinsa.

Ƙa'idar da masana suka daidaita a kai ita ce a yi na farko kafin a cika shekara 2 da gama magani. Daga nan, wanda jimillarsa ta kai 250 ko ta wuce, duk bayan shekara 2. Wanda ke tsakanin 100 da 250, duk bayan shekara 5. In an haɗa da gashin ƙirji, lissafin na canzawa, likita ne zai yanke. Awon hawan jini kuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma wannan ko a ƙaramin asibitin unguwa ana yi.

Abin da ke zuwa duk bayan shekara biyu ko biyar ana iya yi masa tanadi. Ki ware masa kwasa ɗaya ta adashi. In an gano rauni da wuri, akwai magungunan da ke rage wa zuciya nauyi, kuma sun fi aiki kafin ƙafa ta kumbura.

Zaman wuri ɗaya ba ya hutar da zuciya

Zuciya tsoka ce, kuma tsoka da aiki take ƙarfi. Yaron da ya yi watanni a kwance ya riga ya rasa ƙarfin cinya da na numfashi. In aka ci gaba da zaunar da shi, sai ya riƙa gajiya da wuri. Uwa ta ga gajiyar ta ƙara hana shi motsi, gajiyar ta ƙaru. A haka ƙiba ke shigowa, musamman ga waɗanda suka daɗe suna shan magungunan nan masu buɗe ciki da kumbura fuska lokacin jinya. Bayan ƙiba sai hawan jini da ciwon suga, kuma bincike ya nuna hawan jini na ƙara haɗarin gazawar zuciya ƙwarai ga wanda ya sha jan magani.

A asibitin St. Jude da ke Memfis a Amurka, an gwada ƙarfin jikin manya sama da 1,000 da suka yi daji suna yara. Rahoton da ya fito a 2020 ya nuna fiye da rabinsu ba su da juriyar motsi irin ta sa'o'insu, har da waɗanda ba su taɓa shan maganin da ke taɓa zuciya ba. Wani binciken na 2014 kan waɗanda suka warke daga dajin kaluluwa nau'in Hojkin ya gano cewa masu motsa jiki sosai kowane mako, haɗarin ciwon zuciya ya ragu musu da kusan rabi in an kwatanta da masu zama.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17 shi ne motsa jiki na kimanin minti 60 a rana. Yaron da ya warke, in likita ya duba shi ya ce ba matsala, shi ma nan ake so ya kai. Ba a rana ɗaya ba. A fara da tafiyar minti 10 ko 15 da safe ko bayan la'asar, a ƙara kaɗan duk mako. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ba dole a yi sittin ɗin a haɗe ba: tafiya makaranta, wasan tara, da aiken yamma duk ana tarawa.

Ba sai an sayi komai ba. Ƙwallo a layi, langa, 'yar ɓuya, tsere, hawa keke, duk motsa jiki ne. Ga yadda za ki gane ya kai: numfashinsa ya ƙaru, ya ɗan yi gumi, yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. A watannin zafi a guji tsakar rana, a ba shi ruwa kafin wasa da bayansa.

'Ya'ya mata na buƙatar kulawa ta daban, domin da yarinya ta fara girma sai fitarta ta ragu, ga shi kuma haɗarinta ya ɗan fi. Tsakar gida ta isa: tsallen igiya, 'yar gala-gala, gaɗa da ƙawaye, shara, wanki, ɗan daka. In za ku ziyara kusa, ku taka tare maimakon tsayar da adaidaita. Ke ma zuciyarki za ta amfana.

Malamansa na boko da na Islamiyya su sani: ba a cire shi daga wasa, amma in ya ce ƙirjinsa na ciwo ko yana jin jiri, a bar shi ya zauna, a kuma sanar da ke.

Inda za a yi taka-tsantsan

Ɗaga abu mai nauyin gaske, irin wanda sai mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi, yana matsa wa zuciya lokaci guda. Saurayin da ya sha jan magani da yawa, ko aka gasa masa ƙirji, ya ji ta bakin likitan zuciya kafin ya shiga ɗaga ƙarfe, kokawa, dambe, dakon buhuna, ko turin kurar ruwa.

Maganin binkiristin kan raunana jijiyar ƙafa, yaro ya riƙa tuntuɓe ko jan ƙafa. Wannan ba lalaci ba ne, likitocin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na taimakawa. Wanda aka cire wa ƙoda ɗaya ya nemi shawara kan wasannin karo, kuma kada a saya masa maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen a kemis ba da sanin likita ba. Wanda ya rage da ido ɗaya ya sa gilashin kariya wajen wasa.

Ki zauna da matashinki ki gaya masa a fili: sigari, shisha, taramol, da lemukan gwangwani masu ƙara kuzari sun fi yi masa illa fiye da abokansa. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma suna wahalar da zuciya, don haka gidan sauro da magani da wuri. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti, domin wani nau'insa kan lalata ƙofofin zuciya in ba a magance shi ba.

Alamomin da ba a jira da su

- Haki a kan aikin da a da yake yi ba wahala
- Kasa kwanciya sai an tara masa filo, ko farkawa da dare numfashi na sarƙewa
- Kumburin ƙafa, fuska ko ciki
- Tarin da ya ƙi tafiya, musamman da dare
- Ciwon ƙirji, ko bugun zuciya mai sauri ko mai tsalle
- Jiri ko suma, musamman ana cikin wasa
- Ga ƙananan yara: yawan amai, ciwon ciki da ƙin abinci ba dalili

In kin ga ɗaya daga ciki, a dakatar da wasa a tafi asibiti da takardar nan a hannu. Maganar farko da za ki gaya wa likita ita ce yaron ya taɓa shan kemo.

Tukunyar gida

Ba a ware masa tukunya. A gyara ta gidan gaba ɗaya. Babba bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a rana ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, yaro kuma ƙasa da haka. Dunƙulen ɗanɗano da ƙullin da ke cikin taliyar leda yawancinsu gishiri ne. A rage su, a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Wake, gero, dawa, acca, zogale, rama, kuka, gyaɗa, kifi da 'ya'yan itacen da ake yayi sun wadatar. Lemon kwalba da soye-soye su zama na ranar sha'awa. Kuma a daina ɗura wa yaro abinci don a rama masa abin da ya rasa a jinya.

'Ya mace, aure da goyon ciki

Nan ne maganar ta fi nauyi. Iyaye da yawa na ɓoye cewa 'yarsu ta taɓa yin daji, don gudun kada manema su janye ko dangin miji su yi ta magana. Tsoron na da dalili. Amma duk wanda za a ɓoye wa, ban da likita da ungozomar asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mace mai ciki jininta na ƙaruwa da kusan rabi, kuma zuciya ce ke ɗaukar wannan ƙari, sannan ga naƙuda. Zuciyar da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki shiru da ragowar ƙarfinta, a nan take iya gazawa. Ƙa'ida ita ce duk wadda ta sha jan magani ko aka gasa mata ƙirji, a yi mata eko kafin ta ɗauki ciki, ko a watanni ukun farko. In zuciyar lafiya take, yawanci ciki da haihuwa na tafiya daidai. In an ga rauni, likitan zuciya da na mata su bi ta tare har ta sauka. Ta fara awo da wuri, ta kuma haihu a asibiti.

Ga ƙarin dalili a wajenmu. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun gazawar zuciya ta bayan haihuwa a duniya, likitoci sun rubuta a kai daga Zariya tun shekarun 1970. Kanwa na ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa, ruwan wanka mai tsananin zafi kuma na ƙara wa zuciya gudu. Mai jegon da ke da wannan tarihi ba ta buƙatar ƙarin kaya. Ke uwa, ke za ki shige mata gaba. Ki yi magana da kakarta da surukarta tun ciki na ƙarami, cikin girmamawa, cewa likita ya hana ta kunun kanwa da ruwa mai ƙuna. In an bari sai ranar da aka ɗora tukunyar wanka, amarya ba za ta iya musu da manya ba. Mijinta ma ya san alamomin da muka lissafa, domin haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa ba gajiyar jego ba ce.

Ga wadda ke tsakiyar jinya

'Yar'uwa, in ɗanki na karɓar kemo yanzu, kada abin da kika karanta ya sa ki tsallake allura ko ɗaya. Yanke magani a tsakiya na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu daji a ƙasashenmu. Dajin da ba a gama maganinsa ba yana kisa cikin watanni, matsalar zuciya kuwa ƙalilan take samu, bayan shekaru, kuma ana iya tararta. Abin da za ki yi shi ne ki tambayi likita ko an duba zuciyar kafin a fara jan maganin, ki riƙa rubuta ranar kowace allura a littafi, ki kuma bar yaron ya taka a baranda duk ranar da ya ji ƙarfi.

Wurin sharhi na ƙasa a buɗe yake. Iyayen da suka bi wannan hanya, ku gaya mana yadda kuka mayar da 'ya'yanku makaranta da wasa, wata za ta ƙaru da ku. Sai dai kada a sa sunan yaro ko hoton takardarsa ta asibiti. Tambayoyin da suka shafi kowa za mu ɗauko su a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya saka wa iyaye masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.